Ƙarfen da na karya cikin injin babanmu

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Barwa, ni da yayana, da gangar jikin injin ban ruwa a nannaɗe cikin tsohon bargo. Ƙarti huɗu suka ɗora shi a bayan kat-kat, motar ɗaukar kaya mai zuwa Diffa, tsakanin kwalayen bandar kifi. Direba ya ɗaga gefen bargon ya leƙa, ya ce wannan kuɗin mutum biyu zai biya. Yayana ya ce to a ba shi kujerar gaba, tunda fasinja ne. Aka yi dariya, aka daidaita a kan kuɗin mutum ɗaya da rabi. Ni dai ban yi dariya ba, don na fi kowa sanin abin da ke cikin bargon nan.

Bari in gaya muku abin da ya fitar da mu, jama'a. Injin na babanmu ne, Allah ya jiƙansa, mai shan gazuwal, wato man dizal, irin manyan nan da aka kawo bakin kogin Komadugu tun kafin darajar sefa ta faɗi. Shi ke shayar da gonar tattasai da Baba ya bar mana. Kason da ke bakin kogi nawa ne. Na yayana yana can nesa kan tudu, inda ƙasa ke da rairayi, ba ta riƙe ruwa, kuma ƙananan injinan isansi, wato masu shan fetur, da kowa ke saye yanzu ba sa iya tura ruwa har can. Ga tattasai ya fara fure. Duk wanda ya taɓa noma shi ya san in ya wuce mako bai sha ba a wannan lokaci, furen zubewa yake, wahalar shekara ta tafi a banza.

Ɗaya daga cikin bulon huɗu, ƙusoshin nan masu haƙora da ke riƙe kan inji, ne ya tsinke, guntunsa ya rage cikin rami. Ni ne makaniken gida, na yi shekara shida a garaji a Diffa, sai na bugi ƙirji na ce aikin yini ɗaya ne. Na ɗauko shinyol, wato mahujin hannu, na fara huda guntun da siririn meshi, ƙarfen da ake sa wa a bakin mahujin. Hannuna ya karkace, meshin ya ce ƙas, ya karye can ƙasa. Na duba hagu, na duba dama, babu kowa. Maimakon in tsaya, sai na sa babban meshi na buɗe saman ramin, na ɗauko taro, ƙarfen nan da muke yanka sababbin haƙora da shi cikin rami, da niyyar in yanka a sama kawai in rufe maganar. Ya yi ta shiga har ya taka guntun meshin, shi ma ya karye. Ƙarfe biyu masu tauri ke nan cikin rami ɗaya, kuma babu meshin da ke cin irinsu. Kwana uku na yi ina fama a ɓoye, na buga da ƙusa, na ɗiga ruwan batir, ina ce wa yayana saura kaɗan. A rana ta huɗu na gaya masa rabin gaskiya. Na ce taro ne ya karye, kuma laifin masu sayar da kayan jabu ne. Zancen meshi kuwa na haɗiye shi. Mutum ɗaya na sani a duk ƙasar nan mai iya fitar da irin wannan, wani tsoho a Diffa da ke cinye ƙarfe da tartsatsin wuta. Wurinsa muka nufa.

Hanyar dai kun san ta, rairayi ne da sawun motoci, kowane direba da nasa layi. Sau biyu muka sauka muka tura. Amma wallahi kwarin nan yana da kyau in kogi ya cika! Gonaki kore shar har iya gani, goruba a tsaitsaye, shanu masu manyan ƙahoni suna ratsa ruwa, sai kawunansu kake gani. Abu ɗaya ne ya dame ni, kuma kunnena ne ya fara lura. Da, in kana bin wannan hanya da safe, tum-tum-tum ɗin manyan injina kake ji daga kowace kwana, kowanne da muryarsa. Babanmu yana zaune a ƙofar gida zai ce injin wane ya tashi, na wane yana tari, gobe sai ya zo aron sifana. Yanzu sai kukan ƙananan nan, wiii, duk murya ɗaya kamar sauro. Na ƙirga manya uku kacal tsakanin Barwa da gudaro, wato titin kwalta, ɗaya ma a kife yake, awaki na hawa kansa.

Mun tsaya shan shayi a wani ƙauye inda hanya ta kusa haɗuwa da gudaro. Mai shayin yana karɓar naira, yana karɓar sefa, yana yi mana Barbarci, yana yi wa wani makiyayi Fulatanci, duk hannunsa bai daina fifita wuta ba. Burodinsa na tsallaken kogi ne, mai zaƙi, mai laushi kamar auduga. Yayana ya ci ɗaya da rabi. Ni na kasa gama rabi, ya dube ni ya ce ko ni ne injin da ba shi da lafiya. A shingen jandarma aka tambayi abin da ke cikin bargo, yayana ya ce marar lafiya ne muke kai wa likita. Jandarman ya leƙa, ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya ɗaga mana sanda.

Da azahar muka shiga Diffa. Kai, garin nan ya canza mini! Shekarun da na yi a can, in kana son magana da Damagaram sai ka je gidan waya ka yi layi. Yanzu ga samari da salula a hannu, suna ɗaga ta sama suna neman inda za ta kama. Muka sa gangar injin a amalanke muka nufi layin garaji. Itacen dalbejiyar da muke cin abinci a ƙarƙashinsa yana nan, amma masu cin babu. A nan muke zagaye kwano ɗaya mu takwas, hannu duk baƙin mai, rediyo na kama tashar tsallaken kogi, daga rumfar da ke kallonmu kuma kana jin injin tsohon nan yana tas-tas-tas. Mukan ce Baba ya fara suyar ƙarfe, a kawo yaji. Ya yi aiki a ma'adinai can arewa, a can ya ga babban inji mai wannan aiki, da ya dawo gida ya haɗa nasa da tarkacen bola. Dariya muke masa, amma duk wanda ya karya ƙarfe cikin aikin mutane, a sulale yake tsallaka titi ya je wurinsa.

Rumfar tana nan, tsohon ba ya nan. Kaset da katin waya ake sayarwa a ciki. Na shiga tambayar mutanen layin. Allah ya taimake mu da wani mai faci da ya shaida ni, ya ce tsohon yana da rai, idonsa ne ya yi rauni, ya koma wurin ƴarsa a Gagamari shekara biyu ke nan. Ko ya tafi da injin? Ya ce wannan sai Allah. Muka ci burabusko da miyar kifi a bakin kasuwa a tsaitsaye, muka sami wata motar kaya mai yin yamma. Gagamari ba nisa, kan gudaro take, kafin la'asar ta yi sanyi mun sauka.

Mun same shi a kan tabarma a gindin katanga, ya rame, gemu fari fat. Na durƙusa na gaishe shi. Ya karkata kai yana saurare, sai ya ce, "Ba kai ne mai ɗaure bulon kamar kuna faɗa da shi ba?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"To me ka karya?"

Yayana ya fashe da dariya. Ni kuwa daɗi da kunya suka haɗu mini, don shekara tara rabona da shi. Injin yana nan, a ɗakin ajiya, ƙarƙashin buhunan ƙaiƙayi. Sai dai wuta babu a gidan. Mai injin niƙa na garin ne ke da janareta da na'urar walda, kuma ba ya ba da ita sai mata sun gama niƙan safe. Dole muka kwana. Ƴar tsohon ta aiko mana da tuwo da miyar kuɓewa busasshiya, Allah ya saka mata. Yayana bai ci da yawa ba wannan karon, na ga yana lanƙwasa yatsu yana ƙirga kwanakin da gonarsa ta yi ba ruwa.

Da hantsi aka kai kayan bakin rumfar niƙa. Jama'a, in kun ga injin nan ba za ku ba da kuɗin goro a kansa ba. Ƙafar tsohon mahuji ce, an ɗaura mata wani naɗin waya da aka ciro daga sitatar mota. A bakinsa akwai siririn bututun jan ƙarfe, irin na bayan firiji. Jarka na rataye a reshe, robar ƙarin ruwa ta asibiti ta sauko daga ita ta shiga bututun. Tsohon ya kwaɓa laka ya zagaye bakin ramin da ita, daidai yadda muke ɗaga fangali a gona, don ruwa ya kwanta. Waya ɗaya ta walda ya maƙala a jikin gangar, ɗaya a bututun. Yadda abin yake, bututun na sauka ya kusa taɓa karyayyen ƙarfe sai wuta ta yi tsalle, ta ɓantari ɗan mitsitsi, naɗin wayar ya fizge bututun sama, ya sake sakowa. Ruwan da ke bi ta ciki yana sanyaya wurin, yana wanko garin ƙarfen waje. Taurin ƙarfe bai dame shi ba, tunda ba yanka yake ba, ƙonawa yake.

Kafin ya zaɓi bututu ya shafa bakin ramin da ɗan yatsa, ya ce, "Mene ne a ciki?"

Na ce, "Taro ne, Baba."

"Shi kaɗai?"

Yayana na tsaye a kaina. Na ce, "Shi kaɗai."

Sai ya lalubo bututun da bai kai kaurin taron ba, don ya ci zuciyarsa kawai ya bar haƙoran gangar lafiya. Aka tada janareta. Tas-tas-tas! Wallahi sai da hawaye ya taru mini, sautin nan bai canza ba ko kaɗan, kamar in juya in ga abokan garaji a gindin dalbejiya. Ruwa ya fara fitowa baƙi ƙirin. Matan da suka zo karɓar gari suka ƙi tafiya, suka aje kwanoni suna kallo. Tsohon ba ya kallon ramin ma, ya rufe ido, kunnensa ne a wurin, hannunsa a kan ɗan abin da yake sauke bututun da shi sannu sannu. Wajen awa ɗaya aka yi. Ya ɗaga bututun, ya sa waya ta ƙafar keke da ya fiƙe bakinta, ya tsinto fukafukan taron guda uku ɗaya bayan ɗaya, ya zuba wa yayana a tafin hannu. Yayana ya ce Alhamdu lillahi. Ni ma na ce, amma a ciki na san da saura.

Aka mayar da bututu don a cinye ragowar bulon. Bai yi minti biyu ba tsohon ya ɗaga hannu, aka kashe wuta. 

"Bulon ba ya kuka haka," ya ce. "Ɗana, me ka bari a ƙasa?"

Na ce wataƙila ɓarɓashin taron ne.

"Na fitar da taro, yana hannun yayanka. Saurara in gaya maka. A gefen ramin nan akwai hanyar ruwan da ke sanyaya inji, bangon da ke tsakani bai fi kaurin kwabo biyu ba. In abin da ke ƙasa a miƙe yake, in bi shi a miƙe. In a karkace yake, sai na san ina ya dosa. Ido ba ni da shi, ramin kuma da zurfi. In na yi ka-cici-ka-cici na huda bangon nan, ku sayar da gangar ga masu awon ƙarfe. Hannun da ya huda ne kaɗai ya sani."

Jama'a, na sha shiga kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta ranar ba. Ga mata, ga mai niƙa, ga yayana da guntayen ƙarfe a hannu yana kallona. Na tuna gonarsa a kan tudu, rana na dukanta a daidai wannan lokaci. Na ce, "Meshi ne, Baba. Siriri. Shi ya fara karyewa, tun ranar farko."

 Tsohon bai yi faɗa ba, wanda da ya yi da na fi jin sauƙi. Cewa ya yi a kawo sanda. Ya sa ni na tsaya a kan gangar yadda na tsaya ranar, ƙafa a inda take, na riƙe sandar a matsayin shinyol. Ya ce in rufe ido in huda. Na rufe, na fara juya hannu a iska kamar mahaukaci, wata tsohuwa ta ce a'a, yau ga wasa kyauta. Shi kuwa ya kama sandar yana jin inda ta kwanta. Ashe wajen ƙirjina nake janyo ta, ke nan bakin meshin ya nufi gaba, wajen hanyar ruwa. Ya ce in sake, na sake sau uku, sau uku tana kwantawa wuri ɗaya. Sai ya sa aka cusa guntayen katako ƙarƙashin gangar ta gefe ɗaya, har karkacewar ta daidaita da bututun. Ya canza bututu ya sa wanda ya fi siranta, ya ce da ni, "Zo ka riƙe robar ruwa. In ruwa ya tsaya, ka yi magana nan take, kada ka jira kwana uku."

Wannan ne kaɗai dukan da ya yi mini, kuma ya shiga.

Aikin meshin ya fi na taron daɗewa. Kowane ɗan lokaci sai ya tsaya, ya zura wayar keke, ya saurara, ya ci gaba. Gumi ya jiƙa mini riga, ba don rana ba. Ana kiran azahar ya juya gangar a kan tabarma ya bubbuga, wani ɗan baƙin abu kamar ƙwayar shinkafa ya faɗo, bakin meshin ke nan. Ya cika ramin da kananzir, muka zuba ido mu ga ko zai tsiyaye ta hanyar ruwa. Bai ragu ba. Daga nan ya ƙone ragowar bulon, ya ɓare ɓawonsa daga cikin haƙora. Biyu na sama sun tafi, ni na cinye su da babban meshi, amma na ƙasa suna nan garau. Ya ce in nemi bulon da ya ɗan fi tsawo, kuma in ɗaure shi kamar ɗan'uwana ne.

Kuɗin gazuwal na mai niƙa kawai tsohon ya yarda a biya. Yayana ya matsa, sai tsohon ya ce to in mun tashi aike, a aiko masa da kifin tafki, ya gaji da na kogi. Da muke naɗe wayoyi na tambaye shi wa yake koya wa aikin nan. Ya ce wa zai koya? Yanzu in inji ya lalace jefarwa ake a sayi sabo. Ya shafa bututun ya ce rabon da a tada shi tun bara. Na taya shi mayar da shi ƙarƙashin buhunan, zuciyata ba daɗi.

Mun sayi bulon a Diffa, muka kwana a tasha don motar gabas sai da safe. A hanyar komawa an cika motar da buhunan siminti da wata amarya da kayanta, ga raguna biyu da suka ƙi jituwa da gangar injin. Mutane na ta raha. Ni da yayana muna zaune kafaɗa da kafaɗa, tun daga Gagamari bai ɗaga zancen ba. Ya sayi rake ya karya ya miƙo mini rabi. Na so ya zage ni, wallahi na so.

Mun isa Barwa bayan azahar, ko gida ban shiga ba. Maƙwabta suka taya mu kai gangar bakin kogi, na haɗa inji da hannuna, a hankali, ina ɗaure bulon ɗaya bayan ɗaya. Kafin magariba na juya hannun tayarwa. Ya yi tari sau biyu, ya tofar da baƙin hayaƙi, sai tum-tum-tum. Wani dattijo daga tsallaken gona ya ɗaga murya ya ce injin marigayi ya tashi! Ruwa ya hau kwata ya kama hanyar tudu, muka bi shi a baya da fartanya.

Nawa kason bai yi komai ba, maƙwabci ya riƙa ba shi ruwa da ƙaramin injinsa. Na yayana ne. Rabin farko ya yi yaushi amma da rai. Daga nan zuwa ƙarshen gona kuwa fure ya zube fari a ƙasa, na can ƙurya ma ganyen ya bushe, kana taɓawa yana murƙushewa. Fangali goma sha ɗaya ba su ko motsa ba da ruwa ya kai musu. Na ce, "Yaya, in an tsinka, rabin nawa naka ne."

Ya ce, "Riƙe abinka. Karya ƙarfe ba komai ba ne, babanmu ma ya karya. Da ka gaya mini ranar farko, da ranar farko muka tafi."

Abin da na samo a tafiyar nan ke nan, jama'a. Na tafi ina ganin taurin ƙarfe ne ya hana mu ruwa, ashe ƙarfen nan biyu duka rabin yini suka ɗauka a hannun tsoho marar ido. Kwana ukun da na yi ina rufa wa kaina asiri su suka cinye gonar, kuma ba tawa suka ci ba, ta wanda ya yarda da ni suka ci. Washegari da sassafe na riga shi zuwa tudu. Fangali goma sha ɗayan nan ni na tuge su da hannuna, ban bari ya taɓa ko ɗaya ba.